Bini da zugu: Manufa ta tsufa a takarda, manomi na jiran mai saye

Tun 2007 gwamnatin tarayya ta amince da manufar gauraya man tsirrai kashi 20 cikin 100 a dizal, amma har yau ba a gan shi a gidajen mai ba.

Bini da zugu ya dace da aikin: ba a cin sa, don haka tatsar mansa ba za ta tayar da farashin man girki kamar gyaɗa ba. Sai dai yakan shekara uku zuwa biyar kafin ya yi 'ya'ya sosai. Indiya ta gwada daga 2003, manoma suka watsar saboda ƙarancin amfani da rashin kasuwa.

Muddin doka ba ta wajabta wa dillalan mai saye a tsayayyen farashi ba, manomi ba zai sadaukar da gonarsa ba.