Likitan Abinci da Tukunyar Gidanmu

 Ciwon sukari da hawan jini sun zama baƙin da suka ƙi tafiya a New Bell da sauran unguwanninmu na Duwala. Likita yakan rubuta magani, sannan ya ce a kula da abinci. To, a nan gizo ke saƙa, domin akwai ma'aikacin lafiya wanda wannan ne aikinsa kacokan, amma da yawanmu ba mu san da shi ba. Da Faransanci ana ce masa diététicien, mu kuwa mu kira shi likitan abinci, ko da yake ba ya rubuta magani.

Aikinsa shi ne ya auna nauyinka da tsawonka, ya duba sakamakon jininka, ya tambaye ka abin da ka ci tun daga kalaci har kwanciya, sannan ya tsara maka ci daidai da aljihunka. Ba ya raba mutum da tuwo, awo yake yi masa. Zai gaya maka cewa bobolo da miyondo da shinkafa da burodi duk sukari suke zama a cikin jini, har zuma ma tana ɗaga shi. Ɗacin ndole kuwa, duk da amfanin ganyen, ba ya maye gurbin ƙwayar likita.

Maganar gishiri ta fi ba ni tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen ɗanɗano kuwa kusan rabinsa gishiri ne. A ƙirga nawa ake jefawa a miya, a ƙara da yajin tsire da kilishin da ake ci da dare. An wajabta zuba ayodin a gishirin Kamaru a 1991 don maganin maƙoƙo, amma wannan bai zama izinin cika hannu ba.

Inda muke kuskure shi ne, maigida ya tafi asibiti shi kaɗai, ya dawo da takardar Faransanci ya cusa a aljihu, alhali uwargida ce mai ludayi, kuma kwano ɗaya ake ci da yara. Wani ma kunya ke hana shi faɗin cewa kofin shayinsa cokali huɗu na sukari yake sha, ban da madarar gwangwani. Wa aka ruɗa?

Saboda haka in an je Laquintinie ko Babban Asibitin Duwala, a roƙi likita ya haɗa ku da masanin abinci. A tafi da mai girkin, da yaron da zai yi tafinta, a ambaci kuka da kuɓewa da daddawa da fura da sunansu. Mai shan maganin sukari kuma ya je tun watan Sha'aban, kafin azumi ya kama, domin a daidaita masa sahur da buɗa baki.