Ƙwai a bakin titi, ɗumame a gida

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a fadodi da ƙofofin gidaje, kuma ta ishe mu. Magidanci ya ɗauki matarsa da ƴaƴansa ran Lahadi da hantsi, ya kai su wurin mai abincin kartiye su ci waina da miya ko shinkafa da wake, kafin ya komo gida an gama cin namansa. Wai ya zama mijin-ta-ce. Wai matarsa ba ta iya girki ba. Wai kwaikwayon nasara ne. Masu faɗin haka kuwa, in ka dube su da kyau, maiƙon wainar ƙwai bai gama bushewa a leɓensu ba.

Mu dai mun san teburin mai shayi. Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, ƙarfe bakwai na safe benci cike yake da maza. Ƙwai biyu da albasar Galmi, rabin burodi an shafe shi da mayonez, kofin Nescafé da madara har ya yi kauri. Ba mace a wurin, ba yaro, sai almajirin da ke tsaye yana jiran a rage. A gida kuma ɗumamen tuwon jiya ne, in ya kwana. In bai kwana ba, koko ba sukari, yara su kama hanyar lekol. Da dare kuma maigida ya sake tsayawa wurin mai tsire, ya ci a tsaye, ya goge baki ya shiga gida yana tambayar me aka dafa. Wannan ba mu taɓa jin an kira shi abin kunya ba.

To mu yi lissafi, tunda kullum kuɗi ake kawowa hujja. Kalacin nan na mai shayi, a ce dala ɗari ne, mun ma sassauta. A wata jika 15 ke nan. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin ƙaramin ma'aikaci yana shiga ciki guda, kafin a zo ga tsire da taba. Mun san rayuwa ta yi tsada, tun takunkumin CEDEAO na 2023 shinkafa da mai suka hau, kowa ya ji a jikinsa. Amma malam, in ka bar teburin mai shayi kwana huɗu kacal, ka tara jika 2. Jika 2 a hannun mai waina na cika kwano har mutum biyar su sa hannu.

Abin da ya sa muke ɗaga murya shi ne yara. Kusan rabin yaran ƙasar nan da ba su kai shekara biyar ba, girmansu ya tsaya don rashin abinci mai gina jiki, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Duk wanda ya taɓa leƙa sashen masu tamowa a asibiti lokacin damina, kafin sabon hatsi ya shigo, ba sai an ba shi labari ba. Talauci na ciki, ba mu musa ba. Amma akwai gidajen da ƙwai da nama ke shiga aljihun lissafinsu kullum, sai dai ba sa ƙetare zaure. Har yau akwai mai ce maka kada a ba yaro ƙwai, wai zai zama ɓarawo. Ikon Allah! Uban yana cin biyu kowace safiya, ba a ce ya zama ɓarawo ba.

Batun kwaikwayon nasara kuwa, a daina. Yaushe Bahaushen birni ya fara karya kumallo da abincin saye? Tun kakanninmu. Ƙosai, waina, koko, ɗan wake, hura, yanzu ga awara ta shigo: matan cikin gida ke yi, a ɗora a talla, maƙwabta su saya. Manyan otal na Yamai sun ɗauki abincin nan na tsakanin safe da rana sun laƙa masa sunan Turanci, suna karɓar kuɗin cefanen sati kan mutum guda, wasu na zuwa don hoto kawai su sa a Facebook. Wannan sha'aninsu ne. Mu muna da hantsi, muna da walaha, kuma muna da Hajiyar kartiye mai kaskon waina da kowa ya san hannunta. Sabon abu guda ne a ciki: maigida ya zauna ya ga yadda ɗansa ke cin abinci. Nan ne zai lura ƙaramin ba ya ci da kyau, babbar kuma tana bar wa ƙannenta rabonta. A gida ba zai gani ba, don akushinsa daban ake kai masa. Uwargida kuma, wadda ke gaban murhu kwana bakwai cikin hayaƙin itace, ta samu safiya guda da wani ya dafa ta ci.

Akwai masu cewa matarsu ba ta zama cin abinci gaban maza. Mun ji, kuma ba mu raina wannan ba, kowane gida da tsarinsa. Ba wanda ya ce dole. Ɗauki yaran ka je da su, ka riƙo wa uwarsu nata da zafinsa. Mai mata biyu ya bi kwana, ko ya haɗa duka. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɓuya bayan kunya a ci gaba da ci kai kaɗai, sannan a zauna a fada ana yi wa wanda ya fita da iyalinsa dariya.

Ku ma masu abinci, da ku muke. Yawancinku benci guda gare ku a bakin kwalta, ga ƙurar kabu-kabu, ga hayaƙin taba, ga samari ana ta musun ƙwallo. Wace uwar ƴaƴa za ta zauna nan? Rumfar zana daga baya da tabarmi biyu ba za su karya jari ba, ciniki ma za su ƙaro. Sai ruwan wanke hannu. Kwano guda da mutum ashirin suka tsoma hannu ciki ya kamata a ce an bar shi tun kwalarar da ta faɗa wa Madarumfa a 2018, ta sake dawowa jihohi da dama a 2021. Buta da sabulu, a zuba wa mutum ruwan ya zube ƙasa. Babba na iya jure zawo na kwana biyu, yaron shekara biyu ba ya iyawa. Ku rufe waina da ƙosai daga ƙuda, man suya in ya yi baƙi a canza shi, kuma ku yanka rabin kwano na yara a kuɗin da uba mai ƴaƴa huɗu zai iya biya.