FILIN KIƊA DA WAƘA: Haɗin Sautin Da Ke Hana Zuciya Sakat

Wani saurayi mai kaɗa fiyano a unguwar Wunti, cikin birnin Bauchi, ya aiko mana da tambaya. Ya ce an ba shi aikin sa kiɗa a wani fim, daidai inda ɓarawo ke laɓe a zaure, amma duk abin da ya kaɗa sai ya fito kamar kiɗan biki ko na makoki. Ina mafita?

To, samari, abin da kake nema shi ne haɗin sauti huɗu da Turawa ke kira "minor major seventh". Ga yadda ake samunsa. Ɗora yatsa a kan La. Ƙidaya maɓallai uku zuwa dama, farare da baƙaƙe duka, ka danna Do. Ƙara huɗu, ka danna Mi. Waɗannan ukun su ne haɗin da ke sa kiɗa ya yi sanyin jiki. Sai ka ƙara huɗu kuma, yatsanka zai sauka a kan baƙin maɓallin da ke gab da La ta sama.

A nan gizo ke saƙa. Wannan sauti na huɗu taki ɗaya tak ya rage masa ya isa gida, amma an tsayar da shi a bakin ƙofa. Kunne na jiran ya shiga, bai shiga ba, sai hankalin mai sauraro ya ƙi kwanciya. Ga kunnen Bahaushe abin ya fi zama baƙo, domin yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan sautuka biyar yake tafiya, kuma ba sa matse juna haka.

Da wannan haɗi Bernard Herrmann ya buɗe kiɗan fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock a 1960. Sanannen kiɗan James Bond, wanda aka fara ji a 1962, da shi yake rufewa, an dai ɗora masa sauti guda a sama.

Sai dai a yi hattara: gishiri ne, ba tuwo ba. Ka danna shi sa'ad da ɓarawon ya ɗaga labule, ka bar shi ya yi amo, sa'an nan ka yi shiru. In ka yawaita shi, tsoron zai gushe. In kuwa ka kai shi gidan biki, kada ka zargi kowa in 'yan rawa suka watse.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.