A Rage Kaya Bisa Tanki

Duk sa'ad da Salla ta gabato, mukan ga 'yan'uwanmu na Agege da Sabo ta Badun sun hau babur za su gida, sun ɗaure ƙatuwar jaka bisa tankin mai da robar taya. Wannan ganganci ne. Daga Ikko zuwa Kano mil 600 ne da ɗoriya, jakar da ta tokare kan babur kuwa tana iya ka da mutum tun bai kai gadar Jebba ba.

A nemi 'yar ƙarama mai maɗauri. Mai maganaɗisu takan kwashi yashi ta karce fenti. A sa takardun babur da ruwan sha kawai, a juya kan hagu da dama a gani kafin a tashi. Buhun garin kwaki kuwa, a ba motar kaya.