A yi wa talaka gida, amma ba a bayan katangar Alhaji ba?

Yau rubutun nawa zai ɗan taɓa na gida, don haka wanda ya ji zafi ya yi haƙuri tun yanzu.

Kwanakin baya wani dattijo cikin iyayen jam'iyyarmu ya aiko a kira ni. Ba zan faɗi sunansa ko garin ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. Na same shi a falonsa da maƙwabtansa huɗu, an baje takarda a kan tebur. Ashe wani ɗan kasuwa ne ya sayi kangon fili a layinsu yana son ya gina bene mai hawa biyu, gida shida na haya, kowanne ɗaki biyu da falo. Su kuma sun rubuta koke zuwa ga hukuma a hana. Abin da ake so da ni shi ne in tattaro matasa su sa hannu, don a ce al'umma ce ba ta so.

Na ce, "Ranka ya daɗe, su waye za su zauna a gidajen?"

Ya ce, "Ɗana, ai matsalar ke nan. Ba ka san wa za a kwaso maka ba. 'Yan haya ne fa."

Na ce masa ni ma ɗan haya ne a garin nan lokacin da nake karatun difloma, mu uku a shago ɗaya, banɗaki sai mun bi layi. Ya yi dariya ya ce ni daban ne. Na roƙe shi afuwa, na ce ba zan iya kai wa yaran da ke kwana a shago takardar hana gina gidan haya ba. Na fito jikina a sanyaye, don mutumin nan ya yi mini alheri ba sau ɗaya ba. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Wani zai ce, kai mutumin Mahuta ina ruwanka da rigimar unguwar manya a birni? Ruwana ya kai har wuya. Duk gidan da aka hana ginawa a cikin gari, wata rana a gonar wani za a gina shi. Mutane ba sa ɓacewa don an hana su wuri, matsawa suke yi gaba, kuma gaban nan gonakinmu ne.

Ku dubi Funtuwa da Malumfashi a 'yan shekarun nan. Tun da 'yan bindiga suka addabi Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara, mutane ke ta kwararowa cikin gari da iyalansu. Bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a ƙasar Malumfashi a Agustan 2025, wa zai ga laifin magidancin da ya kwashe 'ya'yansa ya koma inda zai yi barci da ido biyu a rufe? Ga kuma tashar tsandauri ta Funtuwa da aka ƙaddamar a 2024, wadda muke fatan ta jawo ma'aikata da 'yan kasuwa. Duk waɗannan bayin Allah ɗaki suke nema. Ku tambayi kowane dillalin gidaje, ciki da falo ya zama gwal. Saurayi ya haɗa lefe, ya biya sadaki, amma biki ya tsaya saboda babu inda za a kai amarya.

To ina garin yake faɗaɗa? Ta bakin gonaki. Dillali ya zo ya sami manomin da taki ya fi ƙarfinsa, ya saye gonar, ya kawo igiya ya yanka ta fuloti-fuloti. Awon igiya ke nan, babu hanya mai faɗi, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko na asibiti. Ku yi lissafi da ni. Hekta ɗaya, idan aka cire hanyoyi, da ƙyar take ba da fuloti 15 masu ƙafa 50 da 100. Iyali 15 ke nan, a ƙasar da manomin kirki ke cire buhun masara 20 ko fiye duk damina. Amma fuloti ɗaya cikin manyan fulotan unguwar manya zai ɗauki iyali shida a bene, ba tare da an taɓa ko kunya ɗaya ta gona ba. Kuma can akwai kwalta, akwai turakun lantarki, akwai bututun ruwa, duk da kuɗin gwamnati aka yi su, wato kuɗin ni da kai.

Gona idan ta zama fuloti ta tafi ke nan. Ba a taɓa rushe unguwa an mayar da ita gonar dawa ba.

Yanzu bari mu koma tarihi kaɗan, don yawancinmu mun tashi mun ga GRA ne kamar daga sama ta faɗo. Turawan mulkin mallaka ne suka ƙirƙiro ta don kansu. A ƙarƙashin dokar birane ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, an keɓe wa Turawa unguwarsu, aka kuma bar fili fetal na yadi 440 tsakaninsu da mazaunin baƙar fata, ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. Hujjarsu wai sauro ne, kada ya ɗauko zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Baƙi 'yan kudu aka tura su Sabon Gari, 'yan arewa baƙi kuma Tudun Wada, kamar yadda muke gani a Zariya da Kano. Da Bature zai tafi, sai aka canza wa unguwar suna daga ta Turawa zuwa ta gwamnati, manyan ma'aikata suka shige. Bature ya tafi da hularsa, amma yadi 440 ɗin nan yana nan daram a cikin zukatan wasu. A da sauro ne hujja, yanzu kuma "ba ka san wa za a kwaso maka ba".

Kuma wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda tsadar gida ta kai intaha, an yi doka a 2021 da ta ba mai fuloti damar raba shi ya gina har gida huɗu a inda a da ɗaya kawai aka yarda. Sai wani garin attajirai mai suna Woodside ya fito a farkon 2022 ya ce dokar ba za ta yi aiki a wurinsa ba, wai duk garin mazaunin wata dabba ce mai kama da damisa da ake kira zakin dutse. Sai da babban lauyan jihar ya yi musu jan ido suka janye cikin 'yan kwanaki. A maƙwabcin garin, Atherton, akwai hamshaƙin attajiri Marc Andreessen, wanda a 2020 ya yi dogon rubutu yana caccakar Amurka kan ta daina gine-gine. Da aka zo maganar gidaje masu ɗaukar iyalai da yawa a unguwarsa a 2022, sai ga takardar ƙin amincewa daga gidansa, wai darajar gidajensu za ta faɗi. Da na karanta labarin sai na tuna falon nan da teburin nan. Mai kuɗi duk inda yake yarensu ɗaya.

A nan gida kuwa Abuja ta ishe mu misali. Direba da mai gadi da mai shara da ke aiki a Maitama da Asokoro, a Nyanya ko Mararaba suke kwana, su fito tun asuba su kashe rabin albashi a mota. Mpape da ta kuskura ta tsiro a gefen Maitama, a 2012 aka sanar za a rushe ta, mazauna suka garzaya kotu. Ana son aikin talaka, ba a son ganin shanyarsa.

Amma fa adalci ya sa in faɗi cewa ba duk maganar su Alhaji ce banza ba. Akwai guda ɗaya mai nauyi da na daɗe ina juyawa, wato maganar leƙe. Mu Hausawa tsakar gida ita ce sirrin gida. A nan mata ke girki, a nan ake shan iska da zafi, a nan ake shanya. Idan aka dasa maka bene a gefe, taga na kallon tsakar gidanka, an cuce ka, ko kai mai kuɗi ne ko talaka. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin wannan tun da daɗewa a babin hana cutar da maƙwabci. Akwai ma wani magini a birnin Tunis, Ibn al-Rami, da ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini wajen shekara 700 da suka wuce. Abin lura shi ne, abin da malaman suka fi tsanantawa a kai shi ne tagar da ke leƙen gidan wani, a toshe ta ko a ɗaga ta sama da tsayin mutum. Wato maganin leƙe gyaran taga ne. Mai zanen gini ya juya tagogi su kalli titi, na gefe a ɗaga su, baranda a yi mata kariya, matakala a rufe ta. Hukuma ta sa wannan cikin sharaɗin ba da izini, wanda ya saɓa a hana shi. Ai su ma manyan benaye suke ginawa, nasu tagogin ba sa gani ne? Ko sai benen 'yan haya ne yake da ido?

Maganar ruwa da taransifoma da shadda ma haka take. A tilasta wa mai gini ya haƙa rijiyar burtsatse, ya yi ramin bahaya daidai yawan mutanen, ya fitar da kwata yadda ba za ta kwanta a ƙofar wani ba. Wannan sharaɗi ne, kuma ina goyon baya. Wanda yake da gaskiya sharaɗi yake nema. Wanda kuwa ka cika masa duk sharuɗɗa ya sake ɓullo da wata hujja, to mutanen ne ba ya so.

Batun tsaro kuma, don Allah a daina jingina wa ɗan haya. Malamin firamare ne, ma'aikaciyar jinya ce, ɗan sanda ne, sabon ango ne. Wanda ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa da aka kafa tun 1992, amma har ya yi ritaya bai ga makulli ba. Da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, buhun siminti nawa zai saya bayan ya ci abinci? Kangon fili mai ciyawa da duhu a tsakiyar unguwa, shi ya fi zama maɓoyar ɓata-gari a kan gidan da iyali shida ke kunna fitila.

Yanzu ga inda nake son 'yan jam'iyya mu tsaya mu yi wa kanmu faɗa. Kowace jam'iyya idan zaɓe ya zo sai ta yi alkawarin gidaje masu sauƙin kuɗi, mu ma mun yi, da bakina na faɗa a kan mumbari. Amma duba inda ake kai su. Rukunin gidajen Barhim a gefen Katsina yake. Gidaje 3,112 da Shugaba Tinubu ya aza harsashinsu a Fabrairun 2024, a Karsana suke, can bayan Gwarimpa. Ɗan jiharmu ne ma, Ahmed Musa Ɗangiwa, aka naɗa ministan gidaje a 2023, kuma Katsina na cikin jihohin da aka ware wa gidaje 250. Ban raina ko ɗaya ba, Allah ya ƙara. Sai dai kullum bayan gari ake nufa, kullum gonar wani ake karɓa a ba shi diyyar da ba za ta saya masa rabinta ba, alhali ga manyan filaye a tsakiyar gari an zagaye su da katanga shekara da shekaru, mai su yana jiran farashi ya hau.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna don amfanin dukkan 'yan Najeriya, kuma filayen birni shi ke da iko da su kai tsaye. Ba ta ce don amfanin mazauna layi ɗaya ba. Saboda haka ina kira ga mai girma Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa da 'yan majalisarmu na shiyyar Funtuwa, a fito da ƙa'ida a rubuce: duk mai fuloti babba a cikin gari da ya cika sharaɗin taga da ruwa da magudana, a ba shi izinin bene na haya, ko da maƙwabcinsa tsohon kwamishina ne. Filin da aka ba mutum ya ƙi ginawa shekaru, a waiwaye shi kamar yadda takardar mallakarsa ta tanada. Sannan a shata iyaka a gefen Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur, a ce daga nan gona ce, igiyar dillali ba ta tsallakawa.

Na san wasu za su ɗauki hoton rubutun nan su kai inda suke kaiwa, a ce yaron nan ya fara ɗaga kai. Ku kai, amma ku haɗa da sakin layin da na ce mutumin ya yi mini alheri. Matasanmu kuma, duk wanda aka miƙo wa takarda ya sa hannu da sunan al'umma, ya karanta tukuna, ya tambaya gidan wa za a hana. A taronmu na mazaɓa mai zuwa zan kawo wannan magana a rubuce don mu miƙa ta ga ɗan majalisarmu na jiha, kuma ina son duk wanda gonar gidansu ta koma fuloti a shekara biyar ɗin nan ya zo ya faɗa da bakinsa nawa aka biya su, nawa kuma ake sayar da fuloti ɗaya a wurin yau.