Mu Koyi Sassaƙa Allon Lantarki da Hannunmu

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin rediyo ya ga wani ɗan allo mai zanen jan ƙarfe kamar hanyoyin tururuwa. A kansa ake kafa kayan na'ura, zanen kuwa shi ne wayar da wuta ke bi. Wani injiniya mutumin Ostiriya, Paul Eisler, ya haɗa rediyo da irin wannan allo a Ingila tun cikin 1936, yau kuma ga shi yara masu sha'awa suna yin nasu a ɗakin kwana.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman mu 'yan ƙasar Yauri, Ngaski da Shanga, wannan sha'awa ta fi ƙarfin a kira ta wasan yara. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu, har da Gungawa da suka bar tsibiran kakanninsu, domin ƙasa ta sami wuta. Ashe bai kamata jikokinsu su san yadda ake sarrafa wutar nan ba? Amma ga masunci a Warra, in ɗan allon da ke cikin fitilarsa mai cajin rana ya ƙone, sai ya yar da fitilar gaba ɗaya.

Hanya biyu ce ake yin allon a gida. Ta farko, a tsoma shi cikin wani ruwan magani, ferik kuloraid, ya cinye jan ƙarfen da ba a bukata. Tana da araha, amma ruwan da ya saura cike yake da narkakken jan ƙarfe, wanda guba ne ga kifi. A garin da kwatamin bayan gida ke gangarawa tafki, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ta biyu ita nake goyon baya, watau sassaƙa. Ka zana da'irarka a kwamfuta da manhaja irin KiCad, wadda kyauta ce, sa'an nan wani ɗan inji mai tsini ya bi zanen yana kankare jan ƙarfen gefe da gefe, ya kuma huda ramuka. Aikin yana son haƙuri, gama fatar jan ƙarfen ba ta kai kaurin gashin kai ba. Allo ya ɗan karkace, sai tsinin ya nutse nan, ya tsallake can. Ƙurar allon da aka yi da zaren gilashi kuma tana cutar huhu, tana dakushe tsini, don haka a nemi irin wanda aka yi da matsattsiyar takarda.

Lalle injin ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi guda. To, ƙungiyoyinmu da ke Jami'ar Aliero da Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, tare da yayyenmu ma'aikata, su rage kuɗin liyafar ƙarshen shekara su sayi guda ɗaya, a ajiye shi a Yelwa lokacin hutu, a kira masu gyaran rediyo da waya na kasuwa su koya tare da mu.