Kafin Ka Tambayi Wutar Kibod, Tambayi Ƙ Da Ɗ

Sanin kowa ne cewa ɗalibin da ba shi da kwamfutar tafi-da-gidanka a yau, tamkar manomi ne da damina ta faɗi ba shi da fartanya. Jinga da ita ake yi, kundin kammala karatu da ita ake bugawa, hatta littattafan da malamai kan ce a nemo, galibinsu a cikinta suke zaune. Mu da muke karatu a Ikko, musamman 'ya'yan unguwannin Hausawa irin su Alaba Rago da Agege da Idi-Araba, ba sai mun yi doguwar tafiya ba wajen nemanta, domin kuwa ga kasuwar Alaba International nan a Ojo, maƙwabciyar Alaba Rago, ga kuma Computer Village can a Ikeja, ba nisa da Agege. Mafi yawan abin da aljihun ɗalibi ke iya ɗauka a waɗannan kasuwanni tokumbo ce, wato wadda wani ofishi a Turai ko Amurka ya gama cin moriyarta.

To, a 'yan shekarun nan, tambayar da ta fi yawa a bakin masu saye ita ce, "Kibod ɗinta yana kawo wuta?" Mai kaya ya gane haka, shi ya sa da ka nuna sha'awa sai ya kāre allon da tafin hannu, ya danna, haruffa su yi fes, kuɗi kuma su ƙaru.

Ni ban ga laifin wannan tambaya ba, kuma ban yarda da masu cewa ƙawa ce kawai ba. Kamfanin Apple ne ya shahara da fito da wannan fasaha a shekarar 2003, kuma mai yiwuwa waɗanda aka yi dominsu fasinjojin jirgin sama ne da masu aiki a ɗakin taro mai duhu. Amma a wurinmu ta zama larura. Tun daga zamanin NEPA, zuwa PHCN a 2005, zuwa sayar wa 'yan kasuwa a 2013, suna kawai ake canzawa, duhun yana nan. A watan Afrilun 2024 an tsuga wa 'yan rukunin farko kuɗin wuta zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, sauran rukunoni kuma aka bar su da ragowar. Ɗalibin da ke kwana ɗaki ɗaya da 'yan'uwa huɗu ko biyar, waɗanda za su yi sammakon kasuwa, ba ya da halin kunna fitila da ƙarfe biyun dare. Wutar kibod ta ishe shi, ba ta tashi kowa ba, ba ta kuma cin batir kamar yadda hasken allon kallo ke ci.

Inda nake da magana shi ne, wannan tambaya ta sha gaban wasu guda biyu da suka fi ta nauyi.

Ta farko ta shafi babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake ba Windows 10 ta yau da kullum, ya bar wani ɗan ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel ba ta karɓar ƙwaƙwalwar da ta gaza zubi na takwas, sai 'yan kaɗan. Ma'ana, dubban ThinkPad da Latitude da EliteBook na 2014 zuwa 2016 da ke jibge a shaguna, lafiyarsu ƙalau, amma a hukumance an rufe musu ƙofa. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara a dalilin haka. Duk wanda ya san harkar gwangwan a kewayen Alaba ya san inda kaso mai tsoka na irin wannan shara ke ƙarewa, ya kuma san su wane ne ke shaƙar hayaƙinta.

Injiniyan kasuwa zai ce maka kada ka damu, zai cusa mata Windows 11 ta bayan gida. Zai iya, amma kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura gyara ba. A ganina hanyar da ta fi dacewa da ɗalibi ita ce Linux, manhajar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, wadda kowa ke da izinin ɗauka kyauta, ya kwafa, ya ba wani. Tana da ire-ire. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, sunanta ma daga harsunan Zulu da Kosa aka ɗauko shi. Akwai kuma Linux Mint, wadda ta fi kama da abin da idon mai Windows ya saba da shi. Kwamfutar da ke nishi a ƙarƙashin Windows takan sami sa'ida da su.

A nan ne zancen wutar kibod ke dawowa, domin da yawa na tsoron cewa da zarar an sauya manhaja wutar za ta ɗauke. Amsar ta danganta da wanda ke riƙe da makunnin. A kwamfutocin ofis, irin su ThinkPad, wani ɗan ƙaramin guntu ne a jikin na'urar ke kula da wutar, ba ruwansa da Windows. Ka danna Fn tare da dogon madannin tazara, ta kama, ko da wace manhaja ce a ciki. Yawancin Latitude da EliteBook ma ba su cika ba da wahala ba, sai dai madannin kunnawar ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Matsalar tana wurin kwamfutocin wasanni, masu wuta launi-launi kamar motar amarya. Su waɗannan sau da yawa launin da ƙarfin hasken suna hannun wata manhaja ce ta kamfani, irin su Armoury Crate ta Asus ko Synapse ta Razer, waɗanda ba a yi wa Linux su ba. Masu sa-kai sun ƙirƙiro madadinsu, kamar OpenRGB da OpenRazer, amma ba kowane samfuri suke ji da shi ba. Abin dariya, wadda ta fi tsada da ƙyalƙyali ita ta fi zama baiwar manhaja guda.

Maganin wannan ba ya buƙatar gardama da mai kaya. Linux tana tashi daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ka je kasuwa da naka a aljihu, ka nemi izini, ka tayar da ita daga nan, ka gwada wutar, ka gwada kama intanet, da sauti, da kamara, ka rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. Minti goma sun isa. Wanda ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama. A duba kuma da kyau ko an manna wa madannan takarda, domin tokumbon Jamus da ta Faransa jerin haruffansu daban ne, ta Jamus ma ta musanya y da z, sai 'yan kasuwa su liƙa sitika a kai. Irin wannan sitika takan toshe hasken, ka biya kuɗin wuta ka tashi da haske a gefen madanni, harafin kuwa yana cikin duhu.

Tambaya ta biyu ita ce tamu, mu ɗaliban harshe, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wutar kibod abin da aka zana kawai take haskawa. Duba allon da ke gabanka: akwai q, akwai x, akwai v, haruffan da daidaitacciyar Hausa ba ta aiki da su, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Haruffa masu ƙugiya suna cikin rubutun boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 da su ta tashi, amma ga mu a yau ɗalibin Hausa na miƙa jinga wadda ba a bambance baki da baƙi ba, ko kafa da ƙafa, ko koko da ƙoƙo. In an yi magana ya ce kwamfutarsa ba ta da su.

Tana da su. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya share wa marubuta hawaye da zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, kuma aikin ɗab'i mai yawa a Kano da su aka yi. Sai dai dabarar wancan zamani ita ce a ari gurbin wasu alamomi a zana harafin Hausa a kai, shi ya sa idan aka buɗe takardar a na'urar da ba ta da wannan zubi, sai ka ga baka-biyu da wasu alamomi sun tsaya a mazaunin ƙ da ɗ. Duk wanda ya karanta tsofaffin rubuce-rubucen Hausa a intanet ya ci karo da wannan. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, ya tanadi namu tun farkon shekarun 1990, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda muke sa 'y. Kamfanin Lancor ma ya fito da kibod mai suna Konyin a tsakiyar shekarun 2000 domin harsunan Nijeriya, sai dai bai yaɗu ba. A yau Windows tana da tsarin madannai na Hausa, Linux ma tana da shi a cikin jerin na Nijeriya, gefe da gefe da na Yarbanci da na Ibo, har da wani na Hausar Gana. Ba saye ake yi ba, zaɓa kawai ake yi a wurin saiti. Wanda bai gamsu da su ba, akwai Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda ke aiki a dukkan manhajojin biyu.

Ba zan ɓoye cewa Linux na da nata ƙalubalen ba. Shagunan buga takardu da ke bakin makaranta Word suka sani, kuma takardar da aka tsara da LibreOffice takan ɗan goce idan aka buɗe ta a can, musamman jadawali da lambobin shafi. Maganinsa a mayar da ita PDF kafin a fita daga ɗaki, sai dai malamin da ke son yin gyara a cikin takardar ba zai so haka ba. Haka nan idan ta lalace, ba kowane mai gyara ne zai taɓa ta ba, wani ma abin da zai fara yi shi ne ya goge komai ya mayar da abin da ya sani. Wanda karatunsa ya rataya ga wata manhaja da sai a Windows take aiki, to ya zauna inda yake. Amma kayan aikinmu na nazarin harshe ba su cikin wannan sahu: Praat ta nazarin furuci da karin sauti, da ELAN ta rubuta hirar da aka naɗa, da Audacity, duk suna tafiya a Linux, duk kuma kyauta ne.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta ware rana guda a farkon kowane zango, a zo da kwamfutoci, waɗanda suka iya su saita wa waɗanda ba su iya ba madannan Hausa, a kwafa wa mai so filashin gwaji kafin ya nufi Alaba. Ina kuma roƙon malamanmu su daina karɓar jingar da aka buga babu ƙugiya, kamar yadda malamin Faransanci ba zai karɓi wadda aka zubar wa alamomi ba. Masu buga sitika a Computer Village kuwa, tunda suna yin ta Larabci, babu abin da zai hana su yin mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, irin mai garai-garai wadda haske ke ratsawa, in dai sun ga ɗalibai ɗari sun zo nema.